Amsar tambayarki kan Indian pudding

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce maƙwabtanki a Boston sun gayyace ku cin abincin Thanksgiving, bikin godiya na shekara-shekara na Amurkawa, sun ɗora miki yin Indian pudding, kina tambaya ko abincin Indiyawa ne da kuma yadda ake yinsa.

Ba ruwansa da ƙasar Indiya. Turawan Ingila da suka zauna a New England, yankin arewa maso gabashin Amurka inda Boston take, sun saba da wani fate na garin alkama da madara. Da alkama ta yi musu wuya sai suka koma ga masarar 'yan asalin ƙasar, waɗanda suke kira Indiyawa, sunan ya bi garin masarar, daga nan ya bi faten. Molas kuwa, baƙin ruwan nan mai kauri da ke saura bayan an fitar da sukari daga rake, jiragen ruwa ke kawo shi daga Karibiyan, kuma ya fi sukari araha. Shi ya sa har yau a yankinku ake ajiye faten nan a teburin Thanksgiving, Alhamis ta huɗu ta Nuwamba.

Idan kin iya talgen tuwo, kin yi rabin aikin. Ki tanadi madara mai maiƙonta kofi 4, garin masara ja rabin kofi, molas rabin kofi, bota cokali 2, ƙwai 2, kirfa ƙaramin cokali 1, garin citta da gishiri rabin ƙaramin cokali kowanne. Wajen sayen molas ki duba kwalbar: wadda aka rubuta blackstrap ki bar musu, ɗaci gare ta, sukari ba ya rufe shi.

Ki ɗora kofi 3 na madarar a tukunya mai kaurin gindi, wuta kaɗan. Garin ki dama shi da rabin kofi na madara mai sanyi tukuna. In kika zuba shi busasshe a mai zafi, gudaji zai yi, kuma ba ya murjewa daga baya. Da madarar ta fara ƙananan kumfa a gefe, ki tsiyaya damun kina burgawa. Minti 10 zuwa 15 hannunki kada ya tsaya, ki riƙa kai muciya har gindin tukunya. Madara da gari saurin kamu gare su, kuma ƙauri in ya shiga, ya shiga ke nan. Idan ya yi kauri yana manne wa bayan cokali, ki sauke, ki sa bota, molas da kayan ƙamshi.

Ƙwan ne wurin da yawanci ake faɗuwa. Ki kaɗa shi daban, ki ɗebo ludayi ɗaya na talgen ki zuba masa kaɗan-kaɗan kina kaɗawa, sannan ki juye cikin tukunyar. In ba haka ba zai dahu ya yi tsaki-tsaki.

Ki shafe kwanon gashi da bota, ki juye, ki sa a oban mai zafin 300 na ma'aunin Amurka, wato 150 a namu. Bayan rabin awa ki kwarara sauran rabin kofin madarar a sama, kada ki juya. Ita ke ba shi fatar nan mai duhu da laushi a ƙarƙashi. Gashin duka awa 2 ne. Kada ki ƙara wuta don sauri. Molas yana da ɗan tsami, in zafi ya yi yawa madarar ta tsinke, ki ga ruwa gefe, gari gefe. In obanki mai zafin rai ne, ki zaunar da kwanon cikin faranti mai ruwan zafi.

Za ki ga tsakiyarsa na rawa in kin girgiza. Haka ake so. Ki bar shi ya huta minti 30, zai kama jikinsa. Kyan gani kam ba shi da shi, kamar tuwon dawa da ya saki, kuma da cokali ake ɗiba, ba a yankawa. Da ɗuminsa ake ci, a ɗora askirim a kai. Wasu gidajen suna zuba masa miyar da aka haɗa da giyar rum, don haka in wani ya miƙo miki ƙari a tebur, ki tambaya kafin ki karɓa.