Yaya Zan Ɗumama wa Mesata Akwati a Hunturun Gombe Ba Tare da Na Ƙona Ta Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a Gombe, ina kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Tana cikin akwatin gilashi a ɗakina. Da hunturu ya shigo na rataya mata ƙwan fitila mai wat 100 a ciki, ina barinsa dare da rana idan da wuta. Yanzu mako uku ke nan ta ƙi cin ɓera, ta yi saɓa amma fatar ta maƙale a kanta da wutsiyarta, kuma kullum tana naɗe kusa da ƙwan. Shin zafin ne bai isa ba, in ƙara wani ƙwan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ƙara ƙwai. Wanda ke ciki ma ka cire shi yau ɗin nan, kafin ka ƙarasa karanta sauran bayanina. Ƙwan fitila mai wat 100 ko kai ba ka iya riƙe shi da hannu idan ya yi minti biyar yana ci, balle dabbar da ke naɗe jikinta a kan duk abin da ta samu. Maciji ba ya zabura ya janye jiki daga abu mai zafi da saurin da mu muke yi. Idan iskar akwatin da sanyi, zai lafe a jikin ƙwan yana neman ɗumi har fatarsa ta dahu bai motsa ba. An taɓa kawo mini wata mesa da ta kwana a jikin irin wannan ƙwai. Da na juya ta, cikinta ya tashi bororo tun daga tsakiya har kusan wutsiya, ɓawon yana ɗagowa kamar na albasa. Sai da ta yi saɓa sau da yawa kafin wurin ya rufe, kuma tabon bai ɓace ba. Mai ita ba mugu ba ne, tausayinta ya ji saboda sanyi, kamar dai yadda ka ji.

Mu fara da sanin ko wace ce wannan dabba. Masana suna kiranta Python regius, kuma 'yar gida ce: asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Senegal har zuwa Sudan da Uganda. Daga Gana da Togo da Binin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Ba ta da dafi, tsawonta yakan tsaya tsakanin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma idan ta samu kulawa takan yi shekara 20 zuwa 30. To a daji ba a fili take wuni tana shan rana ba. Ramin ɓera ko na gafiya take shiga, ko cikin suri, sai dare ya yi ta fito farauta. Duk wanda ya taɓa zura hannu cikin tsohon rami ya san zafin cikinsa ba ya hawa da sauka kamar na waje, kuma akwai ɗan danshi ko da rani. Wannan ramin shi ne abin da kake son ka kwaikwaya.

Jikinta ba ya haɗa ɗumin kansa kamar namu. Idan tana son narkar da abinci sai ta matsa wuri mai ɗumi, idan ya ishe ta ta koma mai sanyi. Saboda haka aikinka shi ne ka ba ta zaɓi a cikin akwati ɗaya. Gefe ɗaya ya zama mai ɗumi, digiri 31 zuwa 33 a daidai inda take kwanciya. Ɗaya gefen ya zama digiri 24 zuwa 27. Da dare babu laifi ya ɗan sauka, amma kada ya yi ƙasa da 23 ko 22. Duk wurin da jikinta zai iya taɓawa kada ya haura 35. Kowane gefe ya samu maɓoyarsa, matsattsiya wadda jikinta zai taɓa bangonta. Ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata ƙofa a gefe, aka goge kaifin wurin, ta fi da yawa daga cikin na roba da ake sayarwa. Idan maɓoya ɗaya ce kawai, mesa za ta zaɓi ɓuya a kan lafiyarta, ta zauna a ciki ko da zafin ko sanyin yana cutar da ita. Ƙaramin akwati kuma ba ya ba da wannan bambanci na gefe biyu. Irin wannan mesa idan ta girma tana son mai tsawon santimita 120, faɗi 60.

A wasiƙarka ba ka ambaci digiri ko ɗaya ba, kuma a nan matsalar ta faro. Hannu ba ma'auni ba ne. Fatar tafin hannunka tana kusa da digiri 33, don haka wurin da ya dace da mesa kusan ba za ka ji ɗuminsa ba, wanda kuwa ka taɓa ka ji "yawwa, ya yi ɗumi" ya riga ya yi mata yawa. Ka nemi ma'aunin zafi na lantarki mai ɗan wayar da ake zurawa ciki, guda biyu, ɗaya kowane gefe. Ka ƙara da bindigar auna zafi, irin wadda aka riƙa haska mana a goshi lokacin korona, amma ka nemi wadda ke auna saman abubuwa, domin da ita za ka san zafin ƙasan maɓoya. Ka auna sau uku a wuni har kwana uku: bayan Asuba, wajen ƙarfe uku na rana, da bayan Isha. Ka rubuta. Za ka ga cewa a Gombe lokacin hunturu, rana ba ta cika zama matsala ba. Daren Disamba da Janairu ne, lokacin da waje ke sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, gilashi kuma ya saki ɗan ɗumin da ya tara tun kafin tsakar dare.

Abin ɗumamawa iri biyu zan ba ka shawara. Na farko shimfiɗar ɗumi ta lantarki, wadda ake liƙawa a ƙarƙashin akwati daga waje, ta rufe kamar kashi ɗaya cikin uku na ƙasan. A ɗaga akwatin kaɗan da 'yan katakai domin iska ta riƙa wucewa, in ba haka ba zafi ya taru ya tsaga gilashin. Amfaninta ba ta cin wuta, aibinta ƙasa kawai take ɗumamawa, iska na nan da sanyinta. Na biyu ƙwan seramik, wanda ke ba da zafi ba haske. Shi yana ɗumama iska, amma yana zafi ƙwarai, don haka dole ya zauna a mariƙin tangaran, ba na roba ba, kuma a bayan ragar ƙarfe da mesa ba za ta iya kaiwa gare shi ba. Dutsen lantarki da ake tallatawa na kwanciyar dabbobi masu rarrafe, ka nisance shi, ya ƙona macizai ba adadi. Jan ƙwai kuma da ake cewa maciji ba ya ganin haskensa, yana gani. Fitilarka da ke ci dare da rana tana cikin abin da ya hana ta ci, domin dabbar dare ce kuma ka hana ta dare.

Ko wanne ka saya, kada ka jona shi kai tsaye a soket. Sai ya bi ta tamostat, wato na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda ka saita, ta maido da ita idan ya sauka. Shimfiɗar da ba ta da tamostat tana iya haura digiri 45. Ba sai ka yi odar mai tsada daga waje ba. Masu haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai suna amfani da wata ƙarama mai suna STC-1000, kuma duk mai gyaran lantarkin da ya taɓa haɗa wa mai kiwon kaji irinta zai haɗa maka cikin ɗan lokaci. Ka saita ta a kan 32. Bakin wayar da ke jin zafin shi ne rayuwar abin gaba ɗaya: idan shimfiɗa ce, a matse shi tsakaninta da gindin akwatin daga waje; idan ƙwan seramik ne, a ɗaure shi a ciki daidai ƙarƙashin ƙwan, inda mesa ba za ta ture shi ba. Idan ta ture shi zuwa gefen sanyi, na'urar za ta ɗauka akwatin bai ɗumama ba, ta bar wuta tana ci. Kada ka liƙe shi da salatif a cikin akwati, domin yana kama ɓawon maciji ya yage shi. Bayan ka saita, ka tabbatar da bindigar awo, ka ƙara ko ka rage gwargwadon abin da ta nuna a ƙasan maɓoya. Wani abu kuma: kayan da aka yi don Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230. Ka karanta jikin kaya kafin ka jona.

Sai maganar ɗauke wuta, wadda bayanan intanet na Turawa ba su cika damuwa da ita ba. A nan shimfiɗa ta yi wa ƙwai nisa. Mai wat 15 ko ta ci awa 12 ba tsayawa, wat-awa 180 kawai ta sha, ƙaramar sola da batir za su ɗauke ta. Ƙwan seramik mai wat 60 kuwa zai sha 720, wanda ya fi abin da ya kamata a zuƙa daga batir ɗaya na talakawa mai amfiya 100. In babu sola, ka cika gora da ruwan ɗumi, ka naɗe ta da tawul, ka jingina ta a jikin akwatin ta gefen ɗumi, ka lulluɓe sama da bargo ka bar kafar iska. Ka ɗauke akwatin daga jikin taga da bangon da iska ke bugawa, ka liƙa kwali ko soso a bayansa da gefunansa. Kaskon gawayi kuwa kada ya shiga ɗakin a rufe. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum a cikin barci, kai da mesar duka. Idan ka san daren zai yi sanyi kuma ba ka da tabbacin wuta, ka ɗaga ba ta abinci, domin ɓeran da ya zauna a cikin mesa mai sanyi ba ya narkewa, ruɓewa yake har ta amayo shi.

Saɓar da ta maƙale ba ta zafi ba ce, ta bushewa ce. Iskar hunturu ta fasa mana leɓe da dunduniya, ƙwanka kuma ya ƙarasa busar da ɗan danshin da ya rage. Mesa tana son danshin iska kashi 55 zuwa 65 cikin 100, ya kai 70 idan idonta ya yi hazo za ta yi saɓa. Ka shimfiɗa mata zaren ɓawon kwakwa mai ɗan kauri, ka riƙa zuba ruwa a kusurwa domin ƙasan ya jiƙe saman ya kasance a bushe. Ka rufe fiye da rabin ragar saman akwatin, ka ajiye kwanon ruwa mai faɗi. Don fatar da ta riga ta maƙale, ka sa mesar cikin robar da ke da huji tare da jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi-ɗumi na minti 20 zuwa 30, za ta goge da kanta. Ta kan ido kada ka taɓa ta da farce ko hantsaki. Ta bakin wutsiya kuwa ka sa mata ido, domin idan ta bushe tana shaƙe jini kamar zobe.

Ƙin cin abinci na mako uku bai tayar mini da hankali ba. Wannan mesa ta shahara da yajin ci, musamman a wannan lokaci na shekara, babba takan yi watanni. Ka auna nauyinta a kan sikelin kicin duk bayan mako biyu. Idan ta rasa kusan kashi goma cikin ɗari, a duba ta. Ka gyara zafi da danshi da duhu, ka ƙyale ta mako guda ba ɗauka ba wasa, sannan ka gwada ta da dare. Abin da ba ya jira shi ne idan ka ji tana shesshekar numfashi ko fito, ko ka ga kumfa da yauƙi a bakinta, ko tana ɗaga kai baki buɗe. Wannan ciwon huhu ne, sanyi kan jawo shi, kuma sai likitan dabbobi. Haka nan ka juya ta yau ka duba cikinta. Ɗan ja-ja ko'ina kafin saɓa ba komai ba ne, amma ja a wuri ɗaya, ko bororo, ko ɓawon da ya yi baƙi, ƙuna ce. Ka mayar da ita kan farar takarda mai tsabta, kada ka shafa manja ko man goge baki, ka kai ta asibitin dabbobi.

Ka kuma shirya tun yanzu, domin abin da ya fi ba ni tsoro a garinku ba hunturu ba ne. Daga Maris zuwa Mayu Gombe takan taɓa digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin ya wuce haka. Sanyi yana raunana mesa a cikin kwanaki, zafi irin wannan yana iya kashe ta a wuni ɗaya. A lokacin tamostat za ta yanke wutar ɗumamawa, amma ba za ta sanyaya komai ba. Ka sauke akwatin ƙasa kan siminti a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, inda rana ba ta faɗowa ta taga. Fanka kaɗai ba ta yi mata komai tunda ba ta gumi, sai in ka shimfiɗa jiƙaƙƙen zane a kan ragar gefen sanyi iskar ta bi ta kansa, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Gorar ƙanƙara a naɗe da tsumma, a ɗora a saman ragar daga azahar zuwa la'asar, tana sauke digiri kaɗan masu amfani. Idan ka ga ta tare a kwanon ruwa ba ta fita, ko tana zagaye tana neman hanyar tsira da rana tsaka, ka duba ma'auni nan take.

Murfin akwatin kuma ya zama mai makulli. Mesa gwanar ture murfi ce, kuma a yankin da kububuwa ta sa har asibitin masu saran maciji ake da shi a Kaltungo, maƙwabcin da ya gan ta a tsakar gida ba zai tsaya tambayar ko tana da dafi ba. Ka aiko mini da awon kwana ukun nan, tare da girman akwatin da nauyinta, in gaya maka wat nawa za ka saya.