Ga 'yar'uwar da ta ce ba ta iya zama shiru ko na minti biyar

'Yar'uwa, na ga tambayarki, cewa duk sanda kika zauna don tattara hankali a kan numfashi, kafin ki ja na uku tunani ya kwashe ki zuwa aikin gobe, ƙafa ta hau kaɗawa, har kin fara ganin abin ba na irinki ba ne. Na kusa shekara ina wannan faman, shi ya sa na kasa wucewa.

Da farko na ɗauka so ake kai ya zama fayau, babu tunani ko ɗaya. Babu mai iya haka. A 2010 masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Killingsworth da Gilbert, sun riƙa tuntuɓar mutum 2,250 ta wayar hannu suna tambayar abin da ke ransu a daidai lokacin, suka tarar kusan kashi 47 cikin ɗari na lokutan hankalinsu ba ya kan abin da suke yi. Tafiyar hankali dole ce. Abin da ake koyo shi ne ki farga kin tafi, ki dawo ba tare da kin yi wa kanki faɗa ba. Kin tafi sau talatin kin dawo sau talatin, to atisaye talatin kika yi.

Sannan na ɗauko da girma. Shirin mako takwas na koyon tattara hankali da wani masanin kimiyya, Jon Kabat-Zinn, ya fara a 1979 a Jami'ar Massachusetts ta Amurka yana son minti 45 kullum. Kwana huɗu na yi na watsar, na zauna ina jin haushin kaina.

Wankin hannu ne ya dawo da ni. Na ƙudurta cewa duk sanda na buɗe famfo, hankalina na kan ruwan: sanyinsa a bayan hannu, santsin sabulu tsakanin yatsu, ƙarar zubarsa. Daƙiƙa ashirin ne, amma sau nawa nake yi a yini? Sai na ƙara da tafiya, ina jin dunduniya ta sauka, nauyi ya koma kan yatsun ƙafa. Ai shi ma shirin nan akwai atisayen tafiya a cikinsa, kuma a ganina mai jiki irin namu da shi ya kamata ya fara. In waya ta yi ƙara, nakan ja numfashi ina ƙirga huɗu, in sake shi ina ƙirga shida, sannan in ɗauka. Bugun zuciya yakan lafa lokacin fitar da numfashi.

Abu ɗaya don Allah: in zaman shiru yana taso miki da fargaba ko tsohon ciwon rai, buɗe ido, ki dakata, ki nemi likita.

Yanzu ina iya zaman minti goma, kuma har yau tunani na kwashe ni. Ki gwada na famfon mako guda, ki dawo ki gaya mana yadda kika ji.