Sun sunkuya mini a ƙofar kanti a Seoul, ni ma in sunkuya?

*Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, na je Incheon a Koriya ta Kudu sayen motoci na hannu. Ranar da babu aiki na shiga Seoul in yi wa iyali tsaraba. Ina sa ƙafa a wani katafaren kanti sai ga ma'aikata a jere, kowa hannuwa a cibiya, suka sunkuya gaba ɗaya. Na daskare. Na sunkuya ni ma, suka ƙara, na ƙara, har na rasa wanda zai fara dainawa. Wata mai zuwa zan koma. Me ya kamata in yi? Daga wani Alhaji a Kano.*

Alhaji, da jin labarinka daidai buɗe ƙofa ka isa. Manyan kantunan Koriya ta Kudu irin su Lotte da Shinsegae da Hyundai da ƙarfe 10:30 na safe suke buɗewa, kuma a 'yan mintocin farko kowane ma'aikaci yana tsaye bakin wurinsa yana gaida duk wanda ya gifta. Wannan tsayuwar da hannuwa a ciki sunanta bekkop insa, wato gaisuwar cibiya. Ita ake koya wa ƙananan yara, ita kuma ake horar da ma'aikatan kanti a kanta. Cikin aikinsu take, babu bashin da suka ɗora maka.

Ka lura da 'yan ƙasar a gaba. Da yawa wucewa suke yi abinsu. Masu ladabin cikinsu kan ɗan kaɗa kai sau ɗaya ba tare da sun tsaya ba, abin da suke kira mongnye. Kai ma iyakarka ke nan: ka dubi mutum, ka ɗan saukar da haɓa, ka ci gaba da tafiya. Ma'aikatan an koya musu hawa uku, sunkuyon digiri 15 da na 30 da na 45, na ƙarshen don ban haƙuri ko godiya mai nauyi. A wannan lokacin kai ne baƙo, kai ake girmamawa. In ka fi su sunkuyawa ka sa su cikin tilas su ƙara, shi ya jawo wannan kai-komo da ka faɗa ciki.

Abin da ke ruɗa mu, ina ganin, bakinmu ne. Bahaushe bai saba a gaishe shi ya yi shiru ba, kowace gaisuwa da amsarta, a ce maka sannu da zuwa ka ce yawwa sannu. To abin da suke faɗa a ƙofa, "oso oseyo", maraba ce da ba ta da amsa tsayayya. In bakinka ya yi ƙaiƙayi ka ce "annyong haseyo", ya wadatar. A ƙananan shagunan unguwa irin su GS25 da CU sau da yawa yaron da ke kan kanta zai faɗe ta ne ko kansa bai ɗaga ba. Sai dai kada ka haɗa tafukan hannu a ƙirji. Wannan gaisuwar Tailan ce, a Koriya kuwa a wurin ibadar mabiya Buda ake yin ta.

Amma ban ce ka wuce kamar ba ka ga kowa ba. Na taɓa tsayawa a bakin wani kanti cikin watan Janairu, sanyi na yanka kunne, ina kallon wata yarinya a ƙofar wurin ajiye motoci. Kowace mota ta zo sai ta sunkuya, ta miƙa hannu ta nuna hanya, gilasai duk a rufe. Wani dattijo ya ɗan sauke nasa ya kaɗa mata kai, sai na ga fuskarta ta saki. Wulaƙancin da masu kuɗi ke yi wa irin waɗannan ma'aikata har suna gare shi a can, kapjil, kuma ya yi ƙamarin da a watan Oktoba na 2018 doka ta fara aiki da ta wajabta wa kamfanoni kare ma'aikatansu daga zagin masu sayayya. Kaɗa kan nan naka ba a banza yake tafiya ba.

Inda aka fi lura da ladabinka ma a wurin biya ne. Kati ko kuɗi ko fasfo, miƙa shi da hannu biyu, ko da dama kana tallafe da ita da hagu a wuyan hannu ko gwiwar hannu. Haka za ka karɓi canji da leda. Jefa kuɗi a kan kanta ya fi rashin sunkuyo muni nesa ba kusa ba. Tunda na ambaci fasfo, ka riƙe shi a aljihu: kantuna da yawa suna cire wa baƙo harajin kaya nan take in sayayyar ta kai won 15,000 a kuɗin ƙasar.

Wajen fita akwai ɗan tarko. Mai kanti zai ce "annyonghi kaseyo", wato sauka lafiya. In ka maimaita masa ka sallame shi daga shagonsa ke nan. Mai tafiya "annyonghi kyeseyo" yake cewa, a zauna lafiya. In sun cakuɗe maka, "kamsa hamnida", na gode, ba ta taɓa ba da kunya. Akwai kuma "sugo haseyo", 'yar'uwar sannu da aiki, amma a bar ta ga sa'a ko na ƙasa, wasu tsofaffi ba sa son jin ta daga bakin yaro.

*Ni ɗaliba ce a birnin Daejeon na Koriya. Matsalata ba ta ladabi ba ce, zuciyata ce ba ta natsu da sunkuya wa mutum ba. Ina tsoron ya zama ruku'u ga wanin Allah, ina kuma tsoron a ce ba ni da tarbiyya.*

'Yar'uwa, damuwarki tana da tushe. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa an tambayi Manzon Allah (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a, da aka zo kan musafaha ya ce e. A gida ma har yau ba a gama muhawarar durƙusa wa iyaye da faɗuwa gaban sarki ba. Iyakar abin da ya halatta, wannan fagen malamai ne, kuma akwai su a ƙasar: babban masallacin Seoul da ke Itaewon tun 1976 yake a buɗe, wannan tambayar ba baƙuwarsu ba ce.

Nawa shi ne in gaya miki abin da kanti ke nema a wurinki, kuma babu abin da ya yi kusa da ruku'u a ciki. Bayanki a miƙe, hannun dama a ƙirji, murmushi, "annyong haseyo". An gama, ba wanda zai ga baƙinki.

Inda maganar ke da nauyi shi ne cikin gidaje. Akwai kunjol, babbar gaisuwa da ake kai goshi kusa da ƙasa, wadda ake yi wa manya a Sollal, sabuwar shekararsu ta wata, da wurin tuna kakanni, da gaban hoton mamaci a gidan makoki. Wannan ki ƙi ta kai tsaye, cikin ladabi, ki ce saboda addini ne. Kunnensu ya saba da wannan uzuri. Tun 1791 aka kashe wani ɗan Katolika, Yun Ji-chung, a Jeonju saboda ya ƙi yi wa mahaifiyarsa al'adar kakanni, kuma yau Kiristoci masu yawa a gidan makoki farin fure suke ajiyewa su yi shiru a tsaye. Ki shiga layinsu.

*Anti ce daga Zinder, mai sarin man shafawa. Yadda suke rusuna mini, kunya ba ta bari in fita hannu rabbana, sai in sayi abin da ban yi niyya ba.*

Anti, ki ajiye kunyar a masauki. Gaisuwar ɗaya ce ga mai saye da mai kallo. In yarinyar shago ta biyo ki a Myeongdong, unguwar sayayya ta Seoul, ki ce "kunyang bolkeyo", kallo kawai zan yi, za ta ja baya. Kuma kada ki ba kowa tukuici don ya gaishe ki, ba a yi a can, wani ma biyo ki zai yi da kuɗin yana zaton mantuwa kika yi.

A manyan kantuna farashi ɗaya ne. Ciniki sai a kasuwa irin Namdaemun, inda sunkuyon ma ya ragu, hayaniya ta ƙaru. Can za ki ce "kakka juseyo", a rage mini, in kuma kin sayi da yawa a yi miki gyara, su "sobisu" suke ce mata. Abu ɗaya dai: kada ki zama ta farko a rumfar tsohuwa da sassafe in ba saye za ki yi ba. Cinikin farko, masugori, suna ɗaukarsa a matsayin sa'ar wunin, kuma mai taya kaya ya tafi a wannan lokacin ba ya barin fuska mai daɗi a bayansa. Zagayen kallon farashi ki bar shi sai hantsi.