Tambaya da Amsa: Tsofaffin Kwanonin Tangaran na Ƙasar Sin

Tambaya: Wani dillali ya nuna mini kwanon tangaran mai furanni ruwan hoda, da rubutun Sinanci shuɗi a gindinsa. Ya ce na zamanin Sarki Qianlong ne. Rubutun ya isa shaida?
Mai karatu daga Kano

Amsa: Bai isa ba, Malam. Wannan tambarin, mai haruffa shida ko huɗu, yana ɗauke da sunan zamanin sarki, mai shidan kuma har da sunan daula, amma maginan tangaran na garin Jingdezhen da ke lardin Jiangxi sun daɗe suna sa sunayen sarakunan da suka shuɗe a kan sabon aiki. A zamanin Sarki Guangxu (1875 zuwa 1908) an yi kwanoni birjik masu tambarin Kangxi, wani sarki da ya daɗe da shuɗewa. Qianlong ya yi mulki daga 1736 zuwa 1795, kuma kwanonin da ke ɗauke da sunansa a kasuwa yau, akasarinsu an yi su ne bayan rasuwarsa.

Kwanon kansa za ka bincika. Sau biyu ake gasa irin wannan aiki: na farko a zafin kusan digiri 1,300 na ma'aunin Celsius, sannan a zana furannin a kan ƙyallin, wato rufin nan mai sheƙi kamar gilashi, a mayar da shi wuta a kusan digiri 800. Shi ya sa idan ka shafa da yatsa za ka ji zanen ya ɗan taso. Launin ruwan hodar nan, na irin zanen da Sinawa ke kira fencai, da ɗan zinariya ake haɗa shi, kuma sai wajajen 1720 ya shiga aikinsu. Kifa kwanon ka dubi zoben gindinsa, inda babu ƙyalli. Na tsoho yakan yi sumul saboda gogar shekaru. Idan ka ga dattin da aka shafa ko'ina daidai wa daida, an tsufar da shi ne da gangan. Ɗora shi a tafin hannu ka ɗan ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye yakan yi ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa sautinsa a dushe yake. Idan kuma akwai kalmar CHINA a gindi, ba zai girmi 1891 ba.

Tambaya: Yaya zan wanke nawa, kuma zan iya zuba abinci a ciki?
Mai karatu daga Zinder

Amsa: Hajiya, ki shimfiɗa tawul a cikin roba, ki zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, ki wanke da tsumma mai laushi. Ban da soson ƙarfe, yana kankare zane da zinariyar baki. Ban da bilic, yana shiga tsaga ya ɓata ta daga ciki. Ki ɗauke shi da hannu biyu ta ƙasa, kada ki kama bakin. Wanda aka taɓa liƙa shi, gogewa kawai za a yi, kada a jiƙa.

Abinci kuwa a'a. Launukan nan suna da dalma, wadda guba ce, kuma abu mai tsami kamar tsamiya ko lemun tsami yana narkar da ita cikin abin da za a ci.