Zan je Sifaniya koyon Sifaniyanci na mako shida, ta ina zan fara shiri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a aji uku na jami'a, daga wani ƙauye a yankin Gumel. Kawuna yana harkar zoɓo da riɗi a kasuwar Maigatari, kuma ya ce yawancin zoɓon da suke haɗawa Meziko ake kai shi. Ya yi alkawarin ɗaukar nauyina in je Sifaniya cikin Yuli da Agusta in yi kwas ɗin Sifaniyanci na mako shida, don nan gaba in riƙa magana da masu sayen da bakina. Ban taɓa fita waje ba, ko kalma ɗaya ban sani ba. Me zan fara yi, kuma mako shida zai isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya saka wa kawunka da alheri, ya yi hangen nesa. Meziko ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu magana da Sifaniyanci a duniya, kuma wanda ya koya a Sifaniya zai ji ɗan Meziko, ɗan Meziko ma zai ji shi, duk da bambancin lafazi da wasu kalmomi.

Bari in fara da tambayarka ta biyu. Mako shida ba zai isa ba idan ka sauka can ba ka san komai ba. Yawancin kwasa-kwasan hutu awa 20 ne a mako, ka ga awa 120 ke nan. A ma'aunin da Turai ke amfani da shi, mai hawa shida daga A1 zuwa C2, wannan zai fitar da kai daga A1 ka leƙa A2: ka yi gaisuwa, ka yi cefane, ka tambayi hanya. Cinikin kwantena kuwa, da maganar danshin kaya da ranar lodi da yadda za a biya, sai wanda ya kai B1 ko B2. Don haka shawarata ita ce ka gama hawan farko a nan gida. Ranar farko a makaranta jarrabawar tantancewa ake yi, a raba mutane aji-aji. Ina jin takaici in ga yaro ya kashe Yuro masu yawa yana koyon ƙirga daga ɗaya zuwa goma a Turai, abin da zai iya yi a zaure da wayarsa.

Ka ware minti 40 kullum, bayan asuba ya fi. Idan sabis na wahala a ƙauyenku, duk ranar da ka shiga Gumel ko Dutse ka sauke darussan murya su ishe ka mako guda. Bahaushe yana da sa'a da wannan harshe: wasulansa biyar ne, a, e, i, o, u, kamar namu, ana karanta shi kusan yadda aka rubuta, kuma "r" mai kaɗawa da ke ba Turawan Ingila wuya tana bakinka tun kana yaro. Inda za ka sha fama wuri biyu ne. Na farko raba "p" da "f", don su a wurinsu sauti biyu ne dabam, sai ka riƙa naɗar muryarka kana saurare. Na biyu aikatau, wanda ƙarshensa ke sauyawa gwargwadon mai yin aikin da lokacin da aka yi shi. Nan haddar da ka saba da ita tun makarantar allo za ta yi maka rana.

Amma abin da ya fi hana mutanenmu tafiya ba harshe ba ne, takardu ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Fara da fasfo yanzu, a ofishin shige da fice na Dutse ko Kano. Kafin ka je, ɗora takardar NIN ɗinka kusa da katin makaranta da takardar haihuwa ka duba harafi-harafi. Idan nan an rubuta Muhammad, can Mohammed, ko ranar haihuwa ta saɓa, gyara shi tukuna, don gyaran yakan ci makonni.

Tunda zamanka bai kai kwana 90 ba, bizar Shengen ta gajeren zama za ka nema, wato bizar rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, ciki har da Sifaniya. Kuɗinta Yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan kamfanin BLS da ke karɓar takardu a Abuja da Legas a madadin ofishin jakadancin Sifaniya, kuma da kanka za ka je don a ɗauki zanen yatsunka. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida a tafi. A ƙa'ida kwana 15 ake yi a ba da amsa, amma yana iya kaiwa 45, kuma samun ranar ganawa kansa aiki ne a lokacin da kowa ke son tafiya. Mai son tashi a Yuli ya miƙa a Maris ko Afrilu. Za su nemi takardar karɓa daga makaranta, shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar da za ka baro Sifaniya.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan nake so kai da kawu ku zauna ku natsu. Sifaniya na son ganin shaidar abin da ya haura Yuro 100 na kowace ranar zama. Arzikin mutanenmu na karkara yana cikin buhuna a sito da shanu a garke da bashin da ke hannun abokan ciniki, jami'in biza kuwa takardar banki kawai yake karantawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayar da bijimai biyu da buhu ɗari na riɗi, a zuba kuɗin gaba ɗaya a asusun yaro saura mako guda. Wanda ke dubawa zai ga asusun da ya yi wata biyar shiru, rana ɗaya ya cika, sai ya ɗauka aro aka yi. Abin da ya dace shi ne kawu ya fito a matsayin mai ɗaukar nauyi, da wasiƙarsa, da takardar shige da ficen kuɗin asusunsa ta wata shida, da rajistar kasuwancinsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, idan yana da ita, da abin da ke nuna dangantakarku. Ya fara shigar da cinikinsa ta banki tun yau. Kai kuma ka karɓo wasiƙa daga sashenku da ke cewa kai ɗalibi ne kuma za ka dawo ka ƙarasa, ka tabbatar ma hutun naku ya faɗo a waɗannan watanni. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai haɗa maka takardu ko yana da hanya a ciki, ka guje shi. Takardar bogi ɗaya tana iya ɓata maka suna a duk ƙasashen Shengen. Wannan biza kuma ba ta aiki ba ce, kada ka sa rai za ka yi ɗan ƙwadago ka cike giɓi.

Wajen zaɓen makaranta, ka tsaya kan jami'a ko cibiyar da Instituto Cervantes ta amince da ita, wato hukumar da gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen. Jami'ar Salamanka, wadda aka kafa a 1218, tana koyar da baƙi a lokacin hutu tun 1929, kuma lafazin garin a fili yake. Jami'ar Granada ma tana da cibiyar harsuna. Basalona ba zan ba ka shawararta ba, akwai tsada, ga Katalanci, harshen mutanen yankin, da za ka riƙa ji a titi ya rikita ka. Ni da zan zaɓa maka, Granada zan ce. Gaskiya ne mutanen kudancin Sifaniya, inda Granada take, suna haɗiye "s" a ƙarshen kalma, amma malaman aji daidaitaccen harshe suke yi, kuma ga babban masallaci a unguwar Albaicín da aka buɗe a 2003, yana kallon fadar Alhambra, ga mahautan halal. Zafin Yuli a can busasshe ne, yakan kusa digiri 40, ba zai ba mutumin Gumel tsoro ba. Kafin ka biya ko sisi, su rubuto maka nawa za su mayar idan ba a ba ka biza ba.

Ka nemi a sauke ka a gidan iyali maimakon ɗakin ɗalibai, inda za ka ƙare da Turanci da sauran baƙi. A teburin abinci ake koyon rabin harshen. Sai dai ka rubuta wa makaranta tun da wuri cewa kai Musulmi ne. Alade a can ba a yanka kawai yake zuwa ba: ana jefa chorizo, wato tsiran alade, cikin tukunyar wake, ana sa ƙashin jamón, wato busasshiyar cinyar alade, a romo, ana yin wasu kayan fulawa da kitsensa, wani girkin kuma da giya. Ka haddace "no como cerdo", ba na cin alade, ka faɗe shi da fara'a, ka nuna kifi da ƙwai da kayan lambu sun wadatar da kai. Abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare 9 ko 10. A farkon Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, isha'i ta wuce 11, ga aji da safe, don haka ka saba da ɗan barcin rana. Agogonsu a lokacin yana gaban namu da awa ɗaya.

Babu jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Sifaniya, sai an ya da zango a wani wuri kamar Alƙahira ko Addis Ababa. Ka riƙe kwafin duk takardunka a jakar hannu, don jami'in filin jirgi na iya sake tambayarsu ko da biza na cikin fasfo. Ka sayi mahaɗin caja mai ƙafa biyu zagayayyu, namu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu. Lambar neman agaji 112 ce.

Kada kuma ka manta Yuli da Agusta tsakiyar damina ce, lokacin noma da maimai da zuba taki. Idan da hannunka ake lissafi a gonar gida, ka yi magana da Baba tun kafin ruwa ya sauka, a sa kuɗin 'yan ƙwadago cikin kasafin tafiyar.