Ƙarfen da ke miƙewa tare da yaro

Tambaya: Likita, an gano ɗana mai shekara 9 yana da sankarar ƙashi a saman gwiwa. Sun ce ba sai an yanke ƙafar ba, za su cire ƙashin da ya kamu su sa ƙarfe. Abin da ya hana ni barci shi ne, yaro yana girma, ƙarfe kuwa ba ya girma. Ba zai dawo yana ɗingishi ba? — Wata uwa

Amsa: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Damuwarki a kan hanya take. Tsawon ƙafa daga wani guringuntsi da ke bakin ƙashi yake fitowa, kuma na ƙarshen ƙashin cinya, inda wannan ciwo ya fi son zama, shi ya fi kowanne aiki: wajen milimita 9 a shekara. In an cire shi, lafiyayyar ƙafar za ta ci gaba da tsawo har kusan shekara 16, ɗayar kuwa ta rasa wannan ƙarin na duk shekara. Ki lissafa na shekara 7 ki gani.

Shi ya sa aka ƙera ƙarfe mai miƙewa. Na da, duk lokacin ƙarin tsawo sai an sake yanka, kowane yanka kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. Na yanzu, irin wanda aka ƙirƙiro a asibitin ƙashi na Stanmore a Ingila, yana da maganaɗisu da 'yan giyoyi irin na inji a cikinsa. Yaro ya zura ƙafa cikin wata na'ura mai kama da ƙaton zobe, maganaɗisun ya riƙa juyawa, cikin minti 16 a samu milimita 4. Ba allurar barci, ba ɗinki, sai ɗan ɗaurewar jijiyoyi da gashin ƙashi ke warwarewa.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Ƙarfen kan saki, yakan kamu da ƙwayoyin cuta, kuma yawanci in yaro ya gama girma sai an sake tiyata a sa na manya. Ƙwallo da tsalle-tsalle sai haƙuri. Mai maganaɗisu kuma ba ya shiga na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI, ki riƙe wannan da kyau.

Ƙarfen nan ƙafa yake ceta, ba shi ke kashe sankarar ba. Wannan aikin tiyatar ne da alluran sankara, kafin aiki da bayansa, don ciwon yakan zarce zuwa huhu. Kada a tsallake ko zagaye ɗaya don an ga yaro ya miƙe. Ki tambayi likitansa tsawon nawa ƙarfen zai iya ƙarawa, kuma a ina za a riƙa miƙa shi.