Kar ki yarda da sikeli kaɗai

Wayyo 'yar'uwa, ina karanta tambayarki na ji kamar ni na rubuta. Kin ce nauyinki bai ragu ba amma ƙafafu sun daina ɗaukarki, kuma loma uku numfashi ya sarƙe. Haka COPD ɗin nan, ciwon huhun da ke toshe hanyar numfashi, ta yi min. Wata da watanni sikeli na nuna kilo 58, ashe tsoka ce ke zaizayewa, kitse da ruwa suna cike gurbin. Ga maganin prednisolone da nake sha duk sanda ciwon ya tashi, ya sa kumatu suka cika, kowa na min barka wai na murmure.

Akwai wata a dangin mijina, har yau abin na ci na, a gaban mutane ta ce wai son jiki ne kawai, mai kumatu haka ina ta ga ciwo. A daren ranar na tsuguna a banɗaki na kasa miƙewa, cinyoyin kamar ba nawa ba, na fi rabin awa a ƙasa ina haki, ko kira na kasa yi don babu iskar da zan ɗaga murya da ita, sai kuka, kukan ma ƙara toshe ni yake. Ita tana can tana sharar barcinta. Na bar ta da Allah.

Don Allah ki ce wa likitoci su duba tsokar, akwai abin da ake matsewa da hannu a ga ƙarfinki, akwai kuma sikelin da ke raba kitse da tsoka. Mu numfashin ma kansa ƙarfi yake ci, shi ya sa likitan huhu ba ya so BMI, wato awon nauyi gwargwadon tsayin mutum, ya sauka ƙasa da 21. Ni sau 6 nake ci yanzu, kaɗan kaɗan, don in ciki ya cika tokare huhu yake. Ƙwai, madara, kifi ko wake su nake fara kaiwa baki, ruwa sai na gama. In an rubuta miki oksijin kar ki cire shi lokacin ci.

Abinci kaɗai fa bai dawo min da ƙafafu ba, sai da aka sa ni tashi-zauna daga kujera kullum, da sau 3 na fara ina jiri. Af, ki riƙa kuskure baki bayan inhela, ni farin abu ya taɓa fito min a harshe, sati biyu komai na sa a baki zafi. In ƙafarki na kumbura kuma ki faɗa musu su duba zuciya. Allah ya ba mu sauƙi.